Tankin Unguwar Kanawa Ya Sa Riga

Ni na zana tankin ruwan masallacinmu na Unguwar Kanawa, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na faiba ne, dogo kamar ganga, da ɗamara uku a jikinsa don ƙarfi, ga farantan sola a zaune a kansa. Shi ne aikina na farko a unguwar da aka haife ni. In ya faɗi, sunana ne zai faɗi, kuma a ƙarƙashinsa yara ke layin ɗiban ruwa.

Azumi ya zo a tsakiyar zafi. Na biyo da la'asar, sai na tarar an sa wa tankina riga. Buhunan algarara ne tun daga sama har ƙasa, a jiƙe sharkaf. Baba Mamman, shugaban kwamitin masallaci kuma aminin mahaifina, yana ta watsa musu ruwa da tiyo, baki har kunne.

Na durƙusa na gaishe shi.

"Juwairiyya, kin ga dabarar manya?" in ji shi. "Haka muke yi wa jarka tun ba a haife ki ba. Ruwan buɗa-baki yanzu kamar daga randa."

Raina ya ɓaci, amma ba a ɗaga wa Baba murya.

"Baba, jarka ba ta ɗauke da kaya a ka. Wannan zaren gilashi ne da danƙo. Rana ta gasa shi, laima ta ratsa shi, danƙon sai ya saki. Da ruwan ciki ya yi ƙasa, nauyin sola zai lanƙwasa shi."

"To ɗamarar da kika yi ta yi mana wa'azi a kanta fa?"

"Tana nan. Tsakaninsu ne ke ba ni tsoro."

Ya yi dariya irin ta wanda ya goya ka. Ban ja da shi ba. Na ce ya biyo ni kan dakalin da ke ɗauke da tankin, na yaye buhu ɗaya ta ɓangaren yamma, na kama hannun rigarsa na ɗora tafinsa tsakanin ɗamara biyu.

"Danna, Baba."

Ya danna. Bangon ya lotsa, ya daɗe bai dawo ba. Baba ya leƙa ƙasa, inda yara suka jera bokitai, dariyar ta ɗauke.

Da kansa ya kore su. Da kansa ya kwance igiyoyin da aka ɗaure buhunan da su, ni kuma na kira masu sola su sauke farantan kafin a gyara.

Da aka kira magariba, jama'a suka kurɓi ruwa suka fara yamutsa fuska. Wani ya ce, "Baba Mamman, yau kuma ruwan wanka aka ba mu?"

Ina jiyo shi daga sahun mata.

"Ku sha haka nan," ya ce. "Injiniyarmu ta hana."