Ladan Barau da Kwalbar Ruwa

Shekara goma sha tara Malam Barau ya yi yana ladanci a masallacin unguwarsu a Daudawa. A kakar shekarar da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, suka cika gari, ya hau motar auduga zai raka kayansa Funtuwa, motar ta kife a wata kwana. Buhuna suka danne shi, ƙashin bayansa ya karye can sama, kusa da kafaɗa.

Wata huɗu ya yi a asibiti a Zariya. Likita ya ce batun ƙafafu sai haƙuri. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ƙirjinsa: ko tari ba ya iyawa, in ya yi kalma uku sai ya tsaya ya huta. Wata ma'aikaciya mai suna Alheri ta kawo masa kwalba da ruwa rabi, da siririyar roba a ciki.

"Malam, ka riƙa hurawa har ruwan ya yi kumfa," in ji ta. "Naman da ke jan numfashi bai mutu duka ba, aiki yake so."

Ta koya wa matarsa Suwaibatu yadda za ta ɗora masa 'yar jakar yashi a ciki, ya ja numfashi ya ɗaga ta, da yadda za ta danna masa ciki in zai yi tari.

Da suka dawo gida Suwaibatu ba ta ɗaga masa ƙafa ba, safe da yamma sai an yi. Da fari hurawa uku yake yi jiri ya kama shi. Bayan shekara da rabi ya iya jan kabbara biyu da numfashi ɗaya.

A tsakanin nan Alhaji Rabo, wanda ya samu kwangilar kwalbatoci, ya rushe masallacin ya gina na siminti mai matakala bakwai, ya sa lasifika mai aiki da batirin mota. Ƙanensa Gide ya zama ladan.

Wata Laraba Malam Barau ya sa aka tura shi a keken guragu har ƙofar masallaci bayan la'asar.

"Alhaji, numfashina ya kai yanzu. Ga na'ura kuma, ba sai na ɗaga murya ba. A bar mani ko azahar kaɗai."

Alhaji Rabo ya dube shi a gaban jama'a. "Malam, wa zai riƙa cicciɓarka bisa matakalar nan kullum? Ga batun tsarki, kana da robar fitsari a jiki. Ka huta, ka yi naka."

Liman, wanda Barau ya yi shekaru yana tsayawa bayansa, ya sunkuya yana jan carbi. Washegari Alhaji ya aiko da buhun shinkafa 'yar waje.

Da Suwaibatu ta kawo kwalbar, Malam Barau ya kau da kai.

"Malam, ba don su kake yi ba, don ƙirjinka ne."

"Ɗauke ta, Suwaiba."

Ta roƙa, ta yi fushi, ta kira yayansa daga Faskari ya yi masa magana. Bai sake hurawa ba. Da damina ta sauka sanyi ya kama masa ƙirji, majina ta taru, ƙarfin fitar da ita babu. Kwana shida ya yi ya rasu.

Zaure ya cika da masu ta'aziyya, Liman yana ta ba da labarin daɗin muryar marigayi. Suwaibatu tana jin su daga tsakar gida. Tana gama takaba ta tattara kayanta ta koma wajen danginta a Ketare.