Kwaɗon Zogalen Malam Garba

Malam Garba ya miƙa takardar gwajin jini, ya zauna, kujerar roba ta yi ƙara a ƙarƙashinsa. Matarsa Saratu ta tsaya a bayansa. Wata uku ke nan da likitar wannan ƙaramin asibiti na Gyaɗi-Gyaɗi ta ce kitse ya yi yawa a jininsa, irin mai toshe jijiya. Abin da ya kwantar da yayansa bara ke nan, har yau sai an ɗaga shi an juya.

Dakta Chisom, haifaffiyar Kano, ta daɗe tana duba takardar.

"Kitsen ya sauka, Baba, amma kaɗan. Nauyinka kuma ya ƙaru da kilo biyu."

"Ya ƙaru? Likita, ƙwayoyinki ina sha. Zogale ban tsallake ko rana ɗaya ba. Zoɓo kuwa ya zama ruwan shana!"

Ta dubi Saratu. "Mama, yaya kike haɗa masa zogalen?"

"Yadda kowa ke yi mana. In dafa, in daka ƙuli-ƙuli, in kwarara man gyaɗa har ya yi sheƙi. Shi ya ce tunda magani ne a cika kwano."

"Zoɓon fa?"

"Wannan mutumin zai sha abu salam? Sai na zuba sukari har cokali ya kusa tsayawa a kofi."

"Saratu, shaida aka kira ki ko ƙara kika kawo?" in ji Malam Garba.

Likita ta yi dariya har ta ajiye biro. Ta ce a zogale da zoɓo akwai sinadaran da bincike ke nuna suna ɗan rage mugun kitse a jini, amma ƙarfinsu kaɗan ne, taimaka wa ƙwayoyin kawai suke yi. "Ganyen ya yi nasa, Baba. Mai da sukari ne suka fi shi ƙarfi."

Malam Garba ya kalli hannunsa na dama. Ya dunƙule shi, ya buɗe.

"Ki gaya mini gaskiya, 'yata. Na makara?"

"Ba ka makara ba. A rage mai, a bar sukari, ka riƙa tafiya a ƙasa kullum."

Ya sauke numfashi. "Alhamdu lillahi. Yayana bai samu mai tambayarsa yadda yake ci ba. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan magabata."

A bakin titi mai adaidaita ya tsaya. "Unguwa Uku, Baba?"

Malam Garba ya dubi titin, ya gyara hula. "Da ƙafa zan je."

"Ni dai ba jinina aka auna ba," in ji Saratu, ta shige.

Adaidaitar ba ta yi nisa ba ya ga ta tsaya. Saratu ta sauko tana mita, ta gyara mayafi, ta jira shi.