Injinan Iskandariyya

Safinaz ba ta taɓa yafe wa Hamdi, ɗan baffanta, abin da ya yi mata a masana'antar kakansu da ke Helwan ba. Ita ce injiniyar wurin, shi kuma shugaba. Wata rana ta ce masa ƙwan lantarki mai zaren ƙarfe da suke ƙerawa ya tsufa. Kayan kasuwa ma haihuwarsa ake yi, ya girma, ya tsaya cak, sannan ya mutu, nasu kuwa ya kama gangara. Hamdi ya tuntsire da dariya a gaban ma'aikata.

"Ji ta! Ƙwan nan shi ya aurar da ke, Injiniya. Ga hanya nan, je ki haifi naki."

Ta kwashe komatsanta, ta kama wani ɗan shago a bayan tasha, ta soma haɗa sababbin fitilu masu farin haske da ba sa cin wuta. Da fari ta sha wuya, daga baya kasuwa ta buɗe mata.

Ana nan sai ta ji wata masana'anta a Iskandariyya tana gwanjon injinan tsohon ƙwan. Ta san dalilin sayarwar, ta kuma san halin Hamdi. A wajen buɗa-baki gidan gwaggonsu, tana miƙa masa farantin dabino, ta ce kamar suɓutar baki, "Injinan Iskandariyyan nan ni zan kwashe su."

Kafin ƙaramar sallah Hamdi ya sayar da gonar mahaifinsa, ya saye su kaf. Ya buga mata waya yana ta murna.

"Na riga ki, 'yar'uwa!"

"Allah ya sanya albarka," in ji ta. Ta ajiye wayar, ta yi dariya har da hawaye.

Injina suka yi ta zubo ƙwai, ba mai saye. Kwalaye suka taru har rufi. Ma'aikata suka dinga sulalewa zuwa wurinta, kowa ya zo ta ɗauke shi.

Ƙarshe Hamdi ya zo ofishinta da kansa, duk ya rame.

"Ki sayi masana'antar nan tamu, don darajar Kaka."

"Ginin nake so. Injinanka kuwa, sai masu sayen tsohon ƙarfe."

Ta sayi ginin. Ranar da aka zo yanka injinan, ta sa aka kawo mata kujera da shayi mai na'ana'a, ta zauna bakin ƙofa tana kallo har aka gama. Hamdi na tsaye cikin rana, ba ta ce masa ya zauna ba.