Kwalin Kaset na Kabo

"Ajiye kwalin nan," in ji Mahmudu.

Talal ya tsaya a matakalar bene, ya rungume kwalin. Kaset-kaset ne na mahaifinsa Kabo, wanda ke kwance a sama yana jan numfashi da ƙyar.

"Baffa, halas, ya isa haka. Mutum na bakin kabari a bar kiɗa a ɗakinsa? Bola zan kai."

"Shi ya aike ka?"

Talal ya ƙara ƙanƙame kwalin.

Kafin Kabo ya zama mai sayar da turare a unguwar Hindawiyya ta Makka, mawaƙi ne a Yamai. Da Faransanci yake rubuta waƙoƙinsa, ya kaɗa jita da kansa, har ya fitar da kaset mai hotonsa da uban gashi. 'Ya'yansa haifaffun Makka ba sa jin ko kalma ɗaya a ciki, kunya kawai suke ji. Mahmudu direba, maƙwabcinsa ɗan Chadi, shi kam yana ji, kuma ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya fizge kwalin ya haye sama, Talal na biye da shi.

"Yaya Kabo, ga ɗanka zai tuba a madadinka."

Tsohon ya buɗe ido. Duk ya ƙare, sai bakin nan da bai taɓa mutuwa ba.

"Na tuba daga abubuwa da yawa, Allah shaida. Wannan ba ya ciki. Uwata na yi wa waƙa. Wa na zaga?"

"Abuya, mutane za su yi magana," in ji Talal.

"Su yi ta yi. A garin nan ba a rubuta suna a kabari. Za ku rufe ni, baɗi kai kanka ba za ka gane wurin ba, kuma na yarda. Amma sunana da ke jikin robar nan, ka bar mini shi." Ya juya ga Mahmudu. "Kai kwalin motarka."

Washegari bayan azahar Kabo ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Aka sallace shi a Harami, aka sa shi a ƙasa tsakanin duwatsu masu kama da juna.

A hanyar komowa Mahmudu ya ɗauko Talal a tsohuwar motarsa, wadda ake yi masa tsiya a kanta. Ya tura kaset. Jita ta fara, sai muryar saurayi, garau, ba tari ba rawa.

Talal ya miƙa hannu zai kashe.

"Motata ce," in ji Mahmudu, idonsa a kan titi.

Hannun ya tsaya a wurin. Can Talal ya ce, ƙasa-ƙasa, "Me yake cewa?"

"Yana ce wa kakarka kada ta rufe ƙofa, yana hanya."

Danja ta tsayar da su. Talal ya ɗauki murfin kaset ɗin, ya goge ƙurar hoton da gefen rigarsa.