Takalman Liman a Ƙofar Coci

Tun zamanin da aka shimfiɗa titin jirgin ƙasa, leburorin da suka yi aikin suka gina masallaci da coci a layi ɗaya, katanga kawai ta raba su. Wanne aka fara ginawa? Gardamar ke nan da Liman da Fasto suka tsufa suna yi a kan bencin mai gyaran rediyo, kowa da kakansa da ya gani da idonsa.

Kwatsam sai ga labari Fasto ya yi ritaya, zai koma wurin ɗansa a wani gari mai nisa, kuma za a yi masa taron ban kwana a coci. Abin ya tsaya wa Liman a rai. Abokin gardama ba a kasuwa ake sayensa ba, kuma ya san halin nisa: yau a gaisa a waya, gobe a ce ana nan tafe, jibi shiru.

Duk zaman nan kuwa bai taɓa taka cikin cocin ba. Ya tambayi mai ɗakinsa yadda ake yi, ta ce ita a ina za ta sani, ya dai sa rigarsa mai kyau, kuma don Allah in an ba shi dama ya yi jawabi, kada ya mai da shi huɗuba.

Ranar taron ya iso ya tarar wuri ya cika maƙil. A bakin ƙofa ƙafarsa ta yi abin da ta saba: ya tuɓe takalma, ya jera su gefe, ya shiga da safa. Dattijon cocin da ke yi masa jagora ya buɗe baki zai yi magana, ya ga ba zai iya kunyata baƙo ba, sai ya sunkuya ya cire nasa. Na kusa suka gani suka bi. Kafin Liman ya kai gaba, layi-layi ana ta miƙa takalma baya, har Fasto da ke danne dariya ya ba da nasa aka kai ƙofa.

Sai da Liman ya juyo ya ga safa kala-kala, wasu da huda, sannan ya gane ashe ba a tuɓe takalma a coci. Kunya ta rufe shi, dogon tarihin da ya shirya ya gudu ya bar shi. Ya ce Fasto maƙwabcin kirki ne, ranar da iska ta kware rufin masallaci shi ya fara kawo kwano. Daga nan ya zauna.

Da aka tashi, ƙofa ta koma kasuwa. Baƙaƙen takalman tsofaffi kuwa duk kamarsu ɗaya. Sai da Liman ya kusa gida ya ji yatsunsa suna kuka, ashe ba nasa ya saka ba, ya juyo yana ɗingishi. Ya tarar Fasto na shirin shiga mota, takalman Liman a ƙafarsa suna lakai-lakai.

"Malam, naka sun fi daɗi," in ji Fasto. "A nan dai ba zan bayar ba. In kana son kayanka, ka san garin."

Liman ya ce wannan fashi ne da rana tsaka, kuma zai faɗa wa duniya. Ya tsaya har motar ta sha kwana. Sannan ya ɗingisa zuwa wurin mai gyaran rediyo, ya tambaye shi a wace tasha ake samun motar garin da Fasto ya tafi.