Hannun Daman Malam

Kawu Salihu ya shigo butik ɗina da gwangwanin biskit a hammata. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Ɗan Suwaiba, na kawo maka kilishe."

Na yi murna, don tun safe ban sa komai a bakina ba, kuma kilishi kunnena ya ji. Da na buɗe gwangwanin sai warin tsami ya buge ni. Baƙaƙen ledoji ne a ciki, fim ɗin masu hoton da, wanda ake kira kilishe da bakin Faransanci. Irin manyan nan ne, kowane hoto kusan faɗin tafin hannu. Laifina ne da na sa rai. Kawu bai taɓa kawo wa kowa abin da ake taunawa ba.

Butik ɗin nawa rabin shago ne a Zongon Parakou, tsakanin mai gyaran portabul, wato wayar hannu, da mai turare. Ina fotokopi, ina hoton katin shaida, kuma ina da wata sikana 'yar gwanjo da na sayo a Kwatano, mai fitila a cikin murfi. Ita kaɗai ce a layinmu ke iya karanta kilishe ta mai da shi hoto a ordinatar, wato kwamfuta. Ba son tsoffin fuskoki ya sa na saye ta ba. Sana'ar da zan bar garin nan da ita nake nema.

Na san abin da ya kawo shi. Kakana Malam Idrisu, limamin wani ƙaramin masallaci a Djougou, ya rasu bayan Babbar Salla. Ya bar maza biyu: Kawu Salihu, mai sayar da kayan gyaran babur a nan Parakou, da ƙanensa Kawu Mahamadu, wanda ya zauna gida yana koyar da yara a zauren Malam. Aka rasa wa za a ba limanci. Sai wani tsoho ya tuno wai Malam ya taɓa cewa wanda ya zaunar a hannun damansa ran da suka yi saukar Alƙur'ani, shi ne zai gaje shi. Rana ɗaya suka sauke su biyun. An ɗauki hoto ran nan, amma gara ta daɗe da cinye shi. Tsofaffin unguwar kowa ya tuna irin naman da aka ci a walimar, ba wanda ya tuna wa ya zauna ina.

Su ne fa masu wa'azin hoto ba kyau. Yanzu hoto za su tambaya wanda zai ja su salla.

Kawu Salihu ya bi sawu har gidan mai hoton, ya tarar ya mutu. 'Yarsa Mariyatu ta miƙa masa gwangwanin don ta huta da shi. Limancin nan Kawu yana son sa kamar ransa. Ba sallar asuba yake so ba. Rawanin yake so, da tabarmar gaba a wurin suna da ɗaurin aure, da a ce "Liman ya iso." Abin da ya rage masa na karatu bai fi abin da ya rage mini na lakwal, wato boko, ba.

"Yi maza," ya ce.

"Kawu, ba fotokopi ba ce."

Na riƙa ɗaga fim ɗin yanki yanki ina dubawa a hasken ƙofa. A kilishe komai a birkice yake, fuska fara fat, farar riga baƙa ƙirin. Kawu ya leƙo ta kafaɗata.

"Waɗannan kuma aljanun wane gari ne?"

"Danginka ne."

Ya miƙo babban yatsansa mai baƙin mai zai dangwala a tsakiyar ɗaya, na janye. Ta gefe ake riƙe fim. Na faɗa masa, ya ce tun kafin a haife ni yake riƙe abubuwa.

Can ƙasan gwangwanin na samo shi: mutum uku a ƙofar zaure, ɗaya a zaune a tsakiya. Na hure ƙurar da 'yar robar hura iska, na goge gilashin sikana. Fim ɗin ya nannaɗe kamar busasshen ganye, firam ɗin da ke riƙe shi kuma ya karye tun a Kwatano, da kwali nake tallafa masa. Na kwantar da shi ta fuskar da ya yarda ya kwanta, na rufe murfi. Fitila ta fara rarrafe. Kawu ya zagaya shagon, ya taɓa abin da bai kamata ba, ya tambaye ni ko na'urar ta mutu ne.

Da hoton ya fito na mai da baƙi fari, fari baƙi, sai ga Malam. Yana zaune a kan buzu, allo a gwiwa, alƙalami a hannu, samari biyu a durƙushe gefe da gefe. Ba wuyar gane Kawu Salihu, kunnuwan nan tun yana yaro suke a buɗe kamar ƙofar tasha. Ya ƙura wa hoton ido. Ya juya wa ordinatar baya ya zauna yadda Malam ya zauna, ya ɗaga hannunsa na dama, ya waiwayo ta kafaɗa.

"Voilà! Allahu akbar! Ni ne a dama!"

Ni kuma idona na kan gefen fim ɗin, inda kamfani ke buga 'yan haruffa da lambobi. A juye suke, kamar rubutu a madubi. Kilishe fuska biyu gare shi, mai sheƙi da marar sheƙi, ni kuwa na kwantar da shi ta wadda ba ita ba. Ba wani abu ba ne, maɓalli ɗaya ke gyara shi. Na danna. Haruffa suka miƙe, Kawu Salihu ya koma hagu.

"Me ka yi?"

"Na gyara. Ɗazu a juye yake."

"Mayar da ni inda nake."

"Kawu, nan kake. Tun ran saukar nan kake."

"Na'ura ta faɗi gaskiya da kanta, ka sa mata hannu ta yi ƙarya. A gabana! Mahamadu ne ya aiko ka?"

"Dubi haruffan gefe."

"Kai da aka koro daga lakwal za ka koya mini haruffa?"

"Ba koro ni aka yi ba, fita na yi."

"Mayar da ni, na ce."

Na danna, ya koma dama. Na danna, ya koma hagu. Na sake dannawa. Da so samu ne in wuni ina yawo da shi haka. Amma na ga wani abu a tsakiyar hoton, na ce bari in sauke nauyi.

"Akwai kuma wani abu, in ka dubi Malam da kyau..."

"Rufe mini baki. Yanke haruffan gefen nan, ka yi mini shi babba. Kamar ƙofa nake son sa, don makafin tsofaffin nan su gani ba sai an nuna musu ba."

Na rufe bakina. Na sake sa fim ɗin, na ce wa sikana ta kwashe duk abin da ke cikinsa. Wannan karon ta daɗe sosai. Amfanin babban kilishe ke nan, kome ka buɗa shi ba ya fashewa. Zaren hular Malam ya fito ɗaya ɗaya, har ƙudan da ya sauka a bakin tawada. Muka kai wa mai buga bash a bakin kasuwa, irin ledar da ake tallan 'yan siyasa da ita, ya buga mana shi tsawon mutum.

Ran Juma'a ya ce sai na raka shi Djougou, in tsaya shaida cewa aikin na'ura ne. Inna ta ce in je, yayanta ne. Muka matsu a taksi da bash a naɗe a kan cinyoyinmu, Kawu yana gwada muryar huɗuba a kan direba har muka isa.

Bayan an sauko daga Juma'a tsofaffi suka taru a zauren Malam. Babbansu Malam Abdulrashid ne, abokin karatun kakana, shi ake jira ya yanke magana. Muka warware bash muka rataya a bango. Zauren ya ɗauki salati. Wani ya share hawaye, wani ya nuna dalbejiyar da aka sare, wani ya fara ba da labarin naman walima da yaren Dendi. Kawu Salihu ya tsaya kusa da kunnuwansa na ƙuruciya, hannu a ƙirji.

"Ga shi nan, iyayena. Ban ce komai ba. Malam ne ya faɗa."

Kawu Mahamadu ya dubi hoton ya ce, "Allah ya jiƙan Malam." Shi ke nan. Ana ƙwace masa wurin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sharewa, shi kuwa yana zaune kamar jiƙaƙƙen bango. Shi ma haushi ya ba ni.

Magana ta kusa ƙarewa. Sai Malam Abdulrashid ya laluba aljihu ya sa tabarau. Malaman nan ba sa iya ganin allo su wuce, ko a hannun jariri yake sai sun duba inda aka tsaya.

"Bari in ga me Malam yake rubutawa ran nan."

Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa leda. Leɓensa ya fara motsi ya tsaya. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya cire tabarau ya goge da bakin rawani ya mayar.

"Rubutun nan baya yake tafiya."

Wani tsoho ya taso, wani ya bi shi. Suka yi cirko-cirko a gaban allon, manyan malamai, ba wanda ya iya haɗa bisimilla. Malam Abdulrashid ya ɗora yatsa a kan alƙalamin ya bi shi a hankali har kafaɗar Malam. Ya juyo.

"Salihu, da hagu ubanka yake rubuta Alƙur'ani?"

Kawu ya dube ni. Na dubi rufin zaure, akwai wata tsohuwar sheƙar zanzaro a can.

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, na'ura ce. Ka san kayan Nasara, wani lokaci..."

"Na'ura ta juya hannun Malam, ta bar ka kai a wurinka? Ɗaya ne cikin biyu. Ko hoton nan a juye yake, kai ne a hagu. Ko daidai yake, Malam Idrisu ya zauna a gaban jama'a ran saukar 'ya'yansa yana rubuta maganar Allah da hannun da yake tsarki da shi. Wanne ne?"

Ko ni da na raina shi na ɗauka nan zai tsaya. Na zaci zai ce kuskure aka yi, a yi dariya, a zage ni, a wuce. Sai Kawu ya gyara tsayuwa.

"Ai Malam bahago ne. Ɓoyewa yake yi. Mu na cikin gida mun sani."

Wani ya ce a'uzubillahi a hankali. Sai jiƙaƙƙen bango ya yi magana, ko kai bai ɗaga ba.

"Yaya, da wane hannu yake marinmu? Ni dai kuncina na hagu har yau bai manta ba."

Ba wanda ya yi dariya, amma na ga tsofaffi biyu sun shafa nasu kuncin. Ladan ya kira la'asar. Malam Abdulrashid ya cire tabarau ya mayar aljihu. Ya miƙe, ya kama hannun rigar Kawu Mahamadu, ya ja shi har cikin masallaci, ya tura shi gaba.

Kawu Salihu ya daɗe yana alwala, yana jiran wani ya zo ya ba shi haƙuri. Ba wanda ya zo. Da ya shigo sahu ya cika, sai can ƙarshe ya samu wuri, jikin bango, ta hagu.

Bayan salla aka ce ya kwashe ledarsa. Ba a rataya ta, tunda ƙarya ce. Ba a kuma yar da ita ko a rufe kaya da ita, tunda akwai ayoyi a jiki ko da a juye suke. Haka muka sake naɗe ta muka koma tasha. A taksi direba ya ce a sa ta a but, Kawu ya ce ba a sa Alƙur'ani tare da buhun doya. Ya rungume ta a cinya, tsininta yana tsokanar wuyan matar da ke gaba, tana zaginsa da yaren Baatonum.

Mun yi nisa kansa a sunkuye. Na ɗauka kunya ce ta kama shi, har na fara mamaki. Sai ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Ɗan Suwaiba. Na'urar nan taka, ba ta iya juya hannun kaɗai?"