Sau Uku Ta Kira Sunana

Muhsina 'yar fari ce, kuma duk wanda ya san gidajen Fulanin da suka ajiye sanda suka kama noma a gefen Gafasa ya san abin da hakan yake nufi. Shekararta goma sha ɗaya, uwarta Larai ba ta taɓa kiran sunanta a gaban mutum ba. "Ke" ce, ko "waccan", ko "'yar gidan nan" ranar da ran Larai ya yi fari. In tuwo za ta ba ta, sai ta dire kwanon ta kau da kai. In aike ne, sai ta faɗa wa ƙanwarta Hanne ta faɗa mata, alhali ga su su uku a tabarma ɗaya. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake auna mace a wannan dangi. Larai kuwa ta yi suna a kai, har in wata ta yi haihuwar fari ta fara rawar kai da jariri, ita ake nuna mata a ce ta koya.

Amma Muhsina tana da abin da ta ɓoye. Daminar bara zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita kwana shida. A rana ta huɗu, da rana tsaka, duk gida an tafi gona, tana kwance ido rufe, sai ta ji an ɗaga kanta an ɗora a cinya. Wani hannu mai warin hayaƙi ya shafa goshinta. Sannan muryar Larai ƙasa-ƙasa: "Muhsina. Muhsina. Muhsinata, kar ki tafi ki bar ni." Ba ta buɗe ido ba, don ta san tana buɗewa za a ture kan. Tun daga ranar, a kira ta "waccan" sau ɗari bai dame ta ba.

Ana haka wata ƙungiya ta kawo wa makarantarsu kwamfutocin hannu guda ashirin da faifan sola na caji. Aka damƙa su ga Malam Sagiru, malamin aji biyar, ɗan cikin garin Gaya, wanda kullum yake zuwa a babur da tsumman goge takalmi a aljihu. An tura shi bita ta mako biyu a Kano, ya dawo yana magana kamar shi ya ƙera na'urorin.

"Yau kowa zai zama marubuci," in ji shi. "Tarihin rayuwarku za ku rubuta, da yatsunku, a kan gilashin nan."

Yara suka duƙufa. Da ya zo dubawa, sai ya tarar kowa an haife shi a Gafasa, kowa yana son iyayensa, kowa yana son shinkafa da wake. Ransa ya ɓaci, ya buga tebur.

"Mutum talatin, ciki ɗaya! Wa zai zo daga Kano ya karanta shinkafa da wake? Abin da yake can ƙasan zuciya nake so, wanda ba wanda ya sani."

Muhsina ta ɗaga hannu, abin da ba ta saba ba. "Malam, wa zai karanta?"

"Ni kaɗai. Daga ni sai na'urar."

Ta yarda. Yarinya ce, kuma abin ya shekara yana cin ta, tana son ta gan shi a wani wuri ban da cikin kanta. Kwana huɗu tana dangwala haruffa da yatsa ɗaya, tana gogewa tana sakewa. Ta sa har warin hayaƙin. Da Malam Sagiru ya karanta, sai ya dube ta irin duban da mai saye yake wa tunkiya mai ƙiba. Ya ce ta ɗauki na'urar ta je ƙarƙashin darbejiyar bayan aji ta karanta da baki ta naɗi muryarta, wai don a gyara mata karatu. Ta je ta karanta.

Bayan mako uku masu ƙungiyar suka zo ganin abin da aka yi da kayansu. Aka kafa rumfa, aka gayyaci iyaye. Baƙi da maza a kujeru, mata a tabarmi daga gefe. Larai ta zo da mayafinta na unguwa, ta zauna kusa da Goggo Hussaina, yayar mijinta, macen da ba ta taɓa jin magana ta bar ta ta kwana a wurinta ba.

Malam Sagiru ya karɓi makirufo. "Yanzu za ku ji abin da fasahar zamani take iya tonowa daga zuciyar yarinyar ƙauye." Ya jona wayarsa da lasifika.

Muhsina tana cikin layin 'yan aji biyar ta ji muryarta ta cika filin, ta yi girma, ta zama kamar ta wata. "Sunana Muhsina, amma Innata ba ta faɗa. Sau uku kawai ta kira sunana." Ta so ta ruga ta fizge wayar, jikinta ya ƙi. Haka ta tsaya aka ji cinyar, aka ji hannun, aka ji "Muhsinata, kar ki tafi ki bar ni" har bakin titi.

Baƙi suka tafa, wata a cikinsu har da share hawaye. A gefen tabarmi kuwa Goggo Hussaina ta saki dariya ta tafa cinya.

"Muhsinata! Oh ni Hussaina. Ashe Larai a bayan ido ake shagali!"

Dariya ta kama mata, wasu suna toshe baki da mayafi. Larai ta sunkuyar da kai. Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ya mutu bayan kwana biyu. Amma Malam Sagiru ya ji daɗin tafi, kuma mutum irinsa in ya ji tafi ba ya ganin gabansa.

"Ina mahaifiyar yarinyar? Ta taso! Ta zo ta kira sunan 'yarta a gabanmu, mu binne wannan tsohuwar al'ada yau."

Wayoyi suka tashi sama suna neman fuskarta. Goggo Hussaina ta taimaka, ta nuna ta da yatsa. Larai ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ratsa mata ta fice ba takalmi. Hanne ce ta kwashi silifas ɗin ta bi ta. Ita kuwa Muhsina aka kira ta gaba, aka rataya mata sabuwar jaka da littattafai goma sha biyu, aka ce ta yi murmushi za a ɗauki hoto.

Kafin Juma'a muryar ta zaga waya zuwa waya har Ajingi. In Larai ta je tuƙa-tuƙa ɗiban ruwa, sai wata ta rungumi jarka ta ce, "Jarkata, kar ki tafi ki bar ni." A injin niƙa ma haka. Surukarta ta ce a gidansu ba a taɓa irin wannan zubar da mutunci ba. Larai ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki, ruwa ma sai Hanne. Ba ta daki Muhsina ba, ba ta zage ta ba, kuma wallahi da dukan ya fi mata sauƙi.

Ranar Litinin Muhsina ta samu Malam Sagiru yana goge takalmi a jikin babur.

"Malam, ka ce kai kaɗai za ka karanta."

"Ke, wa ya san makarantar nan kafin ke? Godiya ya kamata ki yi." Ya ciro waya ya shafa yatsa. "Ga shi, na goge. Shi ke nan?"

"Na wayoyin mutane fa?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya tayar da babur. A ƙarshen zangon aka kira shi Kano ya riƙa koya wa sauran malamai yadda ake sa yara su buɗe zuciya.

Da damina ta yi tsakiya zazzaɓin ya dawo wa Muhsina, kuma abin tausayi, murna ta yi. Ta kwanta tana makyarkyata tana ƙirga kwanaki. A rana ta uku duk gida aka tafi gona, har da Hanne, aka bar ta daga ita sai Larai. Da rana ta take ta ji takun ƙafa ya nufo ɗakin. Ta yi maza ta rufe ido, ta saki jiki, ta gyara kanta a gefen matashi yadda zai yi sauƙin ɗagawa. Warin hayaƙi ya iso bakin ƙofa ya tsaya.

Ta ji an dire kwano a ƙasa, an tura shi ciki. Sannan muryar Larai, tana magana da bango, tunda ba kowa a gidan.

"A faɗa wa mai kwanciyar nan ga kunu. A kuma faɗa mata na san idonta biyu."

Takun ya koma. Can sai ƙarar daka ta tashi a tsakar gida. Muhsina ba ta buɗe idon ba har kunun ya huce.